Me ke fure a tsakar gidanku yanzu da bazara ta zo ƙarshe?

Uwar Biyu, unguwar Zariya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, sannunmu da zafi. Tambaya gare ni ga masu shuke-shuke a gida, musamman mutanen Maradi da kewaye, don abin da ya karɓi ƙasar Kano ko ta bakin kogi a Yamai ba lalle ya karɓi rairayinmu ba.

Ga shi Mayu ta kusa ƙarewa, zafi na wuce digiri 40 kusan kullum, hadari ya haɗu gabas da la'asar, iska ta taso ta watsa shi, ko ɗigo babu. To me ke fure a gidajenku yanzu? Abin da ido ke gani yau nake nufi. Na damina ba na tambaya, don in ruwa ya sauka ko ciyawar bakin kwata fure take.

Bari in fara da nawa. Gidan haya ne, tsakar gidan rabi siminti rabi rairayi. Akwai bedi a ƙofar gida, shi ya riga ya gama nasa furen, ƙananan fararen nan da ke cika layi da ƙamshi bayan magariba. Yanzu 'ya'ya ne ke nuna, jemagu na sha da dare suna zubo mana da ƙwallon, kullum da safe sai shara. Lalle na bayan madafa, kuma shi ne abin alfaharina a bana. Ban yanke shi ba tun bayan damina, sai ga shi ya fitar da fure curi-curi a kan rassa, ƙanana, fari-fari. Ba wani kyan gani gare su ba, amma in wuta ta ɗauke muka fito da tabarmi waje, ƙamshinsa ne ke sa a manta da gumi. Zogala biyu gare ni, ɗaya nake tsinka don dambu, ɗaya na bar ta ta yi tsawo, ita ce ke da fure yanzu, ƙudan zuma a kanta tun da asuba. Sai wata 'yar fulawa a tsohon bokitin fenti, ganyenta na sheƙi, furen mai kunne biyar, wani ruwan hoda wani fari. Ita kam ban taɓa ganin ta huta ba, sanyi da zafi duk ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne bugenbil, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga. Na dasa ta jikin bangon ɗakin baƙi, ina ba ta ruwa safe da yamma, ko ranar da pampo bai zo ba sai na rage mata daga bidon da na saya wurin 'yan garuwa. Na sa mata kashin tumaki, maigida ma ya kawo mini ɗan takin zamani, ure, na barbaɗa. Ta yi ganye shar, ta kai rufi, amma fure ko ɗaya. Gidan da ke kallonmu kuwa masu shi sun yi tafiya, a kulle yake, ba mai ba tasu ruwa, amma ta yi ja har ta zubo kan layi. Masu wucewa har tsayawa suke su ɗauki hoto.

To ina masana? Me ke hana tawa? Kuma wace shuka zan ƙara wadda za ta yi fure a wannan tsakani na Afrilu zuwa saukar ruwa, lokacin da gari ya fi muni?

Mai Garka, Jiratawa

Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kin riga kin ba kanki amsa, gidan maƙwabtanki ya gaya miki komai. Gata ne ya yi wa taki yawa. Bugenbil in ta samu ruwa kullum da taki mai sa ganye, ganyen za ta yi ta yi. Ure kuwa aikinsa ke nan, shi ya sa muke zuba wa zogala da salati, don ganye muke sayarwa. Ita fulawar nan sai ta ji ƙishi take fure. Ki daina takin gaba ɗaya. Ruwa kuma ki bari sai ƙasar ta bushe, kin ga ganyen ya ɗan yi laushi da safe, sannan ki ba ta ta ƙoshi, ki sake ƙyale ta. Na ce da safe, don da tsakar rana yanzu kowace shuka laushi take, wannan ba ma'auni ba ne.

Ki duba rana ma. In inuwar bedi ko ta ɗaki na rufe ta rabin yini, ba za ta yi yadda kike so ba. Sannan ki rage dogayen rassan da suka miƙe sama ba reshe, don a sabon toho take fitar da launi. Sai dai gaskiya bana lokaci ya ƙure, ruwa na bisa hanya, kuma da damina ganye za ta koma. Ki sa rai daga kaka zuwa bazara mai zuwa.

Haka lemun tsami yake. In ana so ya yi fure tare, ana janye masa ruwa 'yan makonni, sai a dawo a shayar da shi sosai, ya fashe da fure. Amma a wannan zafi da iska mai ƙuna furen da yawa zubewa yake, shi ya sa ni nake jira sai iska ta sauya.

Mu nan fadama abin da ke fure yanzu kuɓewa ce ta ban ruwa, rawaya mai duhun ciki, ta buɗe da safe kafin la'asar ta rufe. Sai rumman, furensa ja ne mai kauri, yana jure zafi ƙwarai, kuma ba ya cin wuri, zai zauna a tsakar gidanki. Gwanda ma tana yi. Wadda furenta ke reto a dogon sili da yawa namiji ne, kada ki jira 'ya'ya. Ta macen furen na manne a gindin ganye. Tumatir kuma yana fure amma ba ya kamawa, in zafi ya haura 35 da rana kuma dare bai yi sanyi ba, furen bushewa yake ya faɗi. Dalilin tsadarsa a kasuwa ke nan duk shekara a irin wannan lokaci, ba mu ke ɓoye shi ba.

Zogala kuwa, mu da ke da kadada-kadada tata a wannan fili na ban ruwa, ba mu cika ganin furenta ba, don ba ma bari ta kai ga haka, yanka muke. Sai wadda aka ware don iri. In taki ta yi ƙwanso ki bar shi ya bushe a sama, ki ajiye irin, ya fi na saye.

Inna ta Bagalam

Ɗiyata, ni dai abin da ya tsaya mini shi ne ki sayi ruwa da kuɗinki ki zuba wa abin da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi. Mu da munka taso, huren da munka sani na cikin gida shi ne na lalle, na zogala, na ɗaɗɗoya da ake shukawa bakin randa. Kowane da amfaninshi. A wanga lokaci ma aduwa ke toho da hure, a je a tsinko dubagara a dafa, a zubar da ruwan ɗaci, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Gidaje da yawa a ƙauye da ita suke kai wa damina in rumbu ya yi ƙasa. Yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba.

Ban hana ki ado ba, zamaninku ne. Amma tunda ke uwar biyu ce, ki yi hankali da abin da masu saida dashe ke miƙo miki bakin hanya. Akwai wata mai dogon ganye siriri da hure ruwan hoda, ana yawan sa ta ƙofar ma'aikatu, akwai kuma mai hure rawaya kamar mazurari da ake shinge da ita. Duka biyun yanzu suke hure, kuma duka biyun dahi ne. Akuyar wata maƙwabciyata ganyen da anka sare anka zubar bisa juji ta ci, ba ta kwana ba. Ko busasshen ganyen bai da kyau, ko iccen ba a hura wuta da shi. Mai rawayan nan kuma 'ya'yanta yara na ɗauka suna wasa. In gidanki akwai bisashe ko mai rarrafe, ki bar su can inda kika gan su.

Ruwa kuma, ki sa lallenki inda ake alwala, ki sa zogala inda ake wanke hatsi. Ba ki ƙara sayen ko kofi ɗaya dominsu. Ruwan omo ne kawai kada ki yarda ya taɓa gindin shuka, yana ƙone ta sannu a hankali.

Ɗalibin Noma, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo

Tanti, maganar Mai Garka daidai take, kuma ba bugenbil kaɗai ba. Yawancin abin da ke ƙawata garin nan a bazara itatuwa ne da suka saba da dogon rani. Suna fure kafin ruwa, wasu ma ba ganye a jikinsu, don ƙwari da tsuntsaye su gan su daga nesa, kuma 'ya'yan su samu damina. Wanda ya shayar da su kullum ya ɓata musu lissafi.

Bugenbil asalinta Kudancin Amurka ne, wajen Birazil. Abin da muke gani ja ko fari ko ruwan goro ma ba shi ne furen ba, ganye ne mai launi da ke kewaye da shi. Ki leƙa tsakiyar na maƙwabtanku, za ki ga ɗan ƙaramin fure fari, yawanci uku a haɗe. Shi ya sa launin ke daɗewa makonni bai zube ba.

Ta bokitin fentin nan taki daga Madagaska take. Daga jikinta aka samo magunguna biyu da asibitoci ke amfani da su wajen sankarar jini, musamman ta yara. Amma aikin masana'anta ne, ana tace tulin ganye kafin a samu ɗan kaɗan. A gida kada wanda ya dafa ta ya sha, ita ma guba ce in ta shiga ciki. Gargaɗin Inna gaskiya ne ƙwarai.

Filamboyan ma daga Madagaska yake, shi ne babban itacen nan da ya yi ja wur yanzu a wasu makarantu da tsofaffin gidajen ma'aikata. Duk rani yana tsaye ba ganye sai dogayen baƙaƙen ƙwanso, mutum ya ɗauka ya mutu, sai Afrilu da Mayu ya kama. A ganina babu abin da ya kai shi kyau a garin nan a wannan wata.

Amma in ni ne ke, kariya zan nema. Ita tamu ce, tana fitowa da kanta a dajin Sahel, gindinta kumburarre ne don nan take ajiye ruwa, rassanta gajeru masu kauri, furen ruwan hoda mai jan baki, kuma da rani take yin sa. Turawa da mutanen Asiya suna sayenta da tsada suna sa wa a tukwane, mu kuma muna wuce ta. Tana zama a tukunya shekara da shekaru. Abin da ke kashe ta ruwa ne: ki sa rairayi zalla da ɗan tsakuwa, ki huda ƙasan tukunyar sosai, da damina kuma ki ja ta ƙarƙashin rumfa kada gindin ya ruɓe. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, da shi maharba ke shafa kibiya a da, don haka a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kai.

Uwar Biyu, unguwar Zariya

Kai, na gode ƙwarai. Mai Garka, Allah ya ƙara albarka a garka. Na fita na duba, rana na samunta daga hantsi har la'asar, don haka ba inuwa ba ce. Zan janye ruwan, ure kuma ya koma wurin zogala.

Inna, na ji maganarku kuma na karɓa, musamman ta dafin nan. Mai rawayan har an taɓa yi mini tayinta, Allah ya sa ban ɗauka ba. Amma ku yi mini afuwa a kan ado. Mace ta yini tsakanin bango huɗu na siminti a wannan zafi, ba inda za ta kai ido sai igiyar shanya, in ta samu abu ja ɗaya da ke raye a jikin katanga, ni a wurina shi ma amfani ne. Ga shi ma an ce wadda nake so ɗin ba ta son ruwan, kun ga rigimarmu ta ƙare. Dubagara kuwa na san ta, kakarmu ta wajen Tasawa na yi mana, ɗacinta ne ya sa muke gudu muna yara. Yanzu da zan samu da na ci.

Ƙanena ɗalibi, filamboyan ɗin nan ya daɗe yana raina. Akwai ɗan fili tsakanin ɗakin girki da katanga, zai kai taku huɗu. In na samo ƙwanso na shuka, zai yi? Kuma shekara nawa kafin ya yi fure? Kariya kuma yara na hana ni, sai sun ƙara wayo.

Baba Mai Amya, Tibiri

Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini, shi ke rubuta abin da nike hwaɗi.

Ɗiyata, kada ki sa filamboyan a taku huɗu, balle gidan haya. Saiwarshi bisa-bisa take tahiya, tana ɗaga siminti, tana tsaga katanga, ki ja wa kanki magana da mai gida. Ƙarƙashinshi kuma ba abin da ke yi. Daga iri shina kai shekara huɗu, biyar, ko hiye kahin ya yi hure, kuma irin ma sai an jiƙa shi da ruwan zahi ko an ɗan kankare bayan, don tauri gare shi. Icce ne na hili, na makaranta, na ƙohwar masallaci.

Ni mai zuma ne, don haka huren icce shi ne kalandata. Ku na birni kuna kallon tukwane, ku ɗaga kai ku dubi manya. Tsamiya yanzu take sabon ganye da hure, ƙanana, rawaya da jan zane, ba kowa ke lura ba sai ya ji kukan ƙudan zuma bisa kai. Marga ta riga ta yi nata, rawaya shar yana reto, ana hango shi daga nesa cikin daji tun ba ta da ganye; yanzu ya kusa ƙarewa. Kuka na toho, in an jima kaɗan za ta sako hurenta, babba, hwari, yana reto a igiya. Da magariba yake buɗewa, jemagu ke zuwa mishi, kahin wani dare ya yi baƙi ya hwaɗo. Warinshi ba daɗi, kada wanda ya kai ɗaki.

Gawo kuwa nashi daban ne. Yanzu da kowa ke shirin ganye shi zubarwa zai yi, ya tsaya tsirara duk damina, sai kaka ya yi ganye da hure. Shi ya sa hatsi ke yi ƙarƙashinshi, shi ya sa kuma tunda anka hwara sassaben zamani a ƙasar Maradi, wato barin tohon icce in ana sharar gona, manoma ke barin shi cikin gona. Zumar da muke samu da sanyi da yawa tashi ce. Mangwaro ma da sanyi ya yi hure, abin da kuke sha yanzu shi ne sakamakon.

Da munka taso, in tsamiya da kuka sunka yi toho, gawo ya hwara kaɗe ganye, shamuwa ta iso, to watan bakwai na lissahin manoma ya kama, mai binne ya yi binne, kowa ya gyara kalme. Kuma ki lura bayan ruwan hwarko mai ƙarhi, a wuraren da ruwa ke kwanciya, albasar kwaɗi za ta hito da hure hwari babba cikin 'yan kwanaki. Duk rani tana ƙasa ba wanda ya san da ita. In kin ga inda take, ana haƙo albasar a sa a gida, kowace shekara ta dawo da kanta. Ba a ci dai.

Mai Garka, Jiratawa

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama magana. Hajiya, taku huɗun nan rumman ne daidai da shi, ko ki ƙara lalle. In kina son mai ƙamshi, akwai itacen nan mai rassa masu kauri da farin ruwa, furensa fari mai rawayan ciki, Faransawa na ce masa faranjipaniye. Shi ma a zafi yake fure, kuma reshe kawai ake yankowa, a bar shi a inuwa bakin yankan ya bushe kamar mako guda, sannan a soka a rairayi. In aka dasa shi ɗanye ruɓewa yake. Farin ruwan nasa dai kada ya shiga ido.

Amma kada ki dasa komai a wannan satin, ko kyauta aka ba ki. Ƙasa ta yi zafi, gara kuma na neman duk inda ke da danshi. Ki haƙa ramin yanzu, ki zuba taki wanda ya riga ya ruɓe da ɗan toka, ɗanyen kashin dabba gara yake kira. Ki jira ruwa ya zauna, wajen Yuli. Lokacin ma dashe ya fi yawa a gari, don masu reno suna shirin bikin dashen itace na 3 ga Agusta, za ki samu zaɓi.

Don bazara mai zuwa kuma, ki samu tulu na ƙasa wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba, ki binne shi har wuya kusa da gindin rumman, ki riƙa cika shi ki rufe bakin saboda sauro. Ruwan na tsatsowa a hankali, saiwa na zuwa ta same shi, rana ba ta shanye miki. Bugenbil ɗin dai kada ki yi mata tulu.